Hokin Ƙanƙara Na Mata: 'Yan Kallo Sun Zo, Amma Kofin Bai Bar Gida Biyu Ba

A watan Satumba na 2008, a wasan hokin ƙanƙara na neman gurbin zuwa gasar Olamfik, matan Silobakiya sun zura wa matan Bulgeriya ƙwallo 82 ba ko ɗaya. Ba kuskuren buga lamba ba ne; tamanin da biyu, cikin minti sittin. Ba a cika shekara biyu ba, a gasar Olamfik ta birnin Vancouver, waɗannan 'yan Silobakiya da suka yi wa Bulgeriya cin kaca suka faɗa hannun Kanada, aka ɗirka musu 18 da nema. 'Yan kallon Kanada da suka ga wahalar da baƙin suka sha, musamman mai tsaron ragarsu, sai suka miƙe tsaye suna tafa musu. Tafin tausayi ke nan, irin wanda babu ɗan wasan da ke fatan a yi masa.

Na san wani a Agege ko Mile 12 zai ce ina ruwan biri da gada. Mu nan Legas ƙanƙarar da muka sani ita ce ta bulo, wadda mai zoɓo ke saya ya fasa ya zuba a kula. Haka ne. Sai dai gardamar da ake tafkawa kan wannan wasa ita ce wadda ake yi duk ƙarshen mako a gidajen kallon ƙwallo na Idi-Araba da Obalende, inda za ka ji wani ya kira gasar wata ƙasa "lig ɗin manoma" don ƙungiya ɗaya ko biyu ke ɗaukar kofi kullum. Shin gasar da kowa ya san ɗaya cikin biyu ne zai ci ta cancanci a biya kuɗi a kalla? Kuma idan jama'a suka cika fili, cikar tasu na ƙasa take ɗagawa, ko mai ƙarfi take ƙara wa ƙarfi? Hokin mata ya dace a auna wannan tambaya da shi, don tarihinsa gajere ne kuma lissafinsa a fili yake.

An fara gasar duniya ta mata a 1990 a Ottawa, ƙarƙashin hukumar hokin ƙanƙara ta duniya, IIHF. Kanada ta doke Amurka 5 da 2 a wasan ƙarshe. Daga nan har zuwa 2025, in ka cire shekarar 2019, duk wasan ƙarshe tsakanin ƙasashen nan biyu ake yinsa. A Olamfik kuwa, daga Nagano a 1998, inda aka fara shigar da mata, zuwa Beijing a 2022, an yi gasa bakwai: Kanada ta ɗauki zinare biyar, Amurka biyu. Sau ɗaya wata ƙasa ta leƙa wasan ƙarshe a tsakanin nan, wato Suwidin a Turin a 2006, ita ma Kanada ta sallame ta da 4 da 1. A Beijing, Finlan ce ta ɗauki tagulla, ita ce ta uku a duniya ke nan, amma a zagayen rukuni Kanada ta yi mata 11 da 1. Ta ukun duniya fa.

Wanda bai san wasan ba zai ɗauka matan Turai ba su iya ba ne. Dalilin yana cikin yadda ake buga shi. Kowace ƙungiya tana da mutum shida a kan ƙanƙara, har da gola, ana kuma yin zango uku na minti ashirin-ashirin. Amma gudun da ake yi kan takalmin nan mai kaifin ƙarfe ba ya barin mutum ya daɗe. Ƙasa da minti ɗaya 'yar wasa ta gaji, ta fita, wata ta faɗo, wasa bai tsaya ba. Don haka koci yana buƙatar jeri uku ko huɗu na 'yan gaba da yake jujjuyawa. A ƙwallon ƙafa, ƙasa mai gwanaye uku da gola mai kyau tana iya rufe gida ta jure minti casa'in. A hoki, gwanarka dole ta zauna a benci fiye da rabin wasan. Finlan ko Suwizalan na iya fitar da jeri na farko da zai yi kafaɗa da kafaɗa da na Kanada. Jeri na uku da na huɗu ne ke tona asiri, kuma yawanci a zango na biyu ake ganin ƙwallaye sun fara zuba.

Jeri na huɗu mai kyau kuwa daga yawan jama'a yake fitowa. Kanada da Amurka kowacce tana da 'yan wasa mata masu rajista dubun-dubata, yayin da mafiya ƙarfi a Turai ke lissafin 'yan dubbai. Sannan ga wata doka da Amurka ta kafa a 1972, mai suna Title IX, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Dokar ba ta ambaci hoki ba, amma ita ta tilasta wa jami'o'i buɗe ƙungiyoyin mata da ba su tallafin karatu. Yarinya 'yar shekara sha takwas a Minnesota ko Wisconsin tana samun koci, da likita, da filin atisaye kullum, da wasa duk mako, na shekara huɗu, ga digiri. Takwararta a Turai sau da yawa sai ta tashi daga wurin aiki ko makaranta, ta jira maza su gama atisaye, sannan a ba su filin da daddare. Ƙari a kan haka, shekara da shekaru, har zuwa Olamfik na 2022, Kanada takan tara 'yan wasanta a Calgary na watanni kafin Olamfik, suna atisaye tare suna karawa da ƙungiyoyin samari. Amurka ma ta yi irin wannan sansani. Sauran ƙasashe kuwa 'yan makonni suke samu.

Ranar da aka gama gasar mata a Vancouver a 2010, shugaban kwamitin Olamfik na lokacin, Jacques Rogge, ya yi gargaɗin cewa wasan ba zai ci gaba da zama a Olamfik ba muddin ba a ga ci gaba ba. Ba wanda ya ɗauki maganar da wasa, don a lokacin an riga an cire wani wasan mata, softball, daga jadawalin Olamfik bayan 2008, kuma mamayar Amurka na cikin abin da ake ta faɗa a kansa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Hukumar IIHF ta ware kuɗi, ta shirya sansanonin horo, ta tura ƙwararrun Kanada da Amurka su riƙa ba ƙananan ƙasashe shawara. Ta kuma yi wata dabara da ni har yau nake ganin rufa-rufa ce: aka tara manyan ƙasashe a rukuni ɗaya, ƙanana a rukuni na biyu. Da aka kai ƙasashe goma a 2019, biyar na rukunin sama duk suna wucewa zagayen 'yan takwas ko da ba su ci wasa ko ɗaya ba, uku kuma su biyo su daga ƙasa. Sakamakon abin kunya ya ragu a allo, gaskiya. Amma tazarar tana nan, an ɗage ganinta ne kawai zuwa zagaye na gaba.

To ina 'yan kallo a wannan lissafi? A nan ne nake ganin masu sukar wasan ke kuskure. Suna cewa mamayar gida biyu tana korar jama'a. Abin da ya faru akasin haka ne: gabar Kanada da Amurka ita ce ta jawo jama'ar. Wanda ya kalli wasan ƙarshe na Olamfik ɗin Sochi a 2014 ba zai ce an cuce shi ba. Amurka na gaba da 2 da nema, saura ƙasa da minti huɗu, Kanada ta farke ɗaya, wani bugu na Amurka zuwa ragar da babu gola ya daki ƙarfe ya dawo, Marie-Philip Poulin ta farke na biyu saura ƙasa da minti ɗaya, sannan ta ci na uku a ƙarin lokaci. A Olamfik ɗin Pyeongchang a 2018 sai da aka je bugun daga ke sai mai tsaron gida kafin Amurka ta rama. A gasar duniya ta 2024 a Utica an tashi 6 da 5, ta 2025 kuma 4 da 3, duka a ƙarin lokaci. Ɗan kallo ba ya zama da jadawalin ƙasashe goma yana auna adalci. Abin da yake so shi ne wasan da ke gabansa ya hana shi sanin ƙarshensa, kuma tsakanin waɗannan biyun ba a taɓa sani ba.

Matsalar ita ce inda kuɗin kallon ke zuwa. A ranar 1 ga Janairun 2024 aka buɗe sabuwar gasar ƙwararru ta mata, PWHL, da ƙungiyoyi shida: Toronto, Montreal, Ottawa, Boston, Minnesota da New York. Attajirin Amurka Mark Walter ne ya zuba kuɗin, tsohuwar gwanar tanis Billie Jean King na cikin waɗanda suka tsaya a kai. Kafin ita an sha wuya. Gasar Kanada ta CWHL ta durƙushe a 2019, sama da 'yan wasa ɗari biyu suka ce ba za su sake buga wata gasa ba sai an samar da mai biyan albashin da za a rayu da shi, suka yi shekara huɗu suna yawon wasannin nuni. Da aka buɗe PWHL, mafi ƙarancin albashi dala 35,000 ne a shekara. A watan Fabrairu na kakar farko mutum 19,285 suka kalli wasan Toronto da Montreal, a watan Afrilu kuma 21,105 suka cika filin Bell Centre na Montreal. A 2025 aka ƙara Vancouver da Seattle. A kakar farko sun saka wasanninsu kyauta a YouTube, kuma tun da ƙarfe bakwai na yamman Toronto a lokacin sanyi ƙarfe ɗayan dare ne a Legas, ba wanda jadawalin ya fi yi wa daidai irin mai gadin da ke zaune a bakin get a Lekki da waya a hannu, in dai data ta yarda.

Duk wannan abin murna ne, amma dubi taswirar. Birane takwas a 2025, duka a Kanada da Amurka. Kowane tikiti da aka saya a Montreal yana ƙara wa waɗanda dama suke gaba atisayen kullum da wasa mai zafi duk mako. Mafi yawan 'yan wasan gasar 'yan ƙasashen nan biyu ne, baƙi 'yan tsiraru. Goyon bayan jama'a ba shi da ido. Inda ya tarar da biki nan yake sauka, kuma biki yana gidan mai ƙarfi.

Amma akwai ƙofa, kuma tsohuwa ce. Kusan duk wadda ta taɓa girgiza manyan nan biyu, a gidansu ta koyo. Maria Rooth, wadda ta ci wa Suwidin ƙwallaye biyu ta kuma ƙarasa Amurka a bugun fenariti a Turin, a jami'ar Minnesota Duluth ta yi wasa. Alina Müller ta Suwizalan, da ta ci lambar tagulla a Sochi tana 'yar shekara sha biyar, ta yi jami'ar Northeastern, kuma ita ce ta uku da aka ɗauka a zaɓen 'yan wasan PWHL na farko. A zaɓen 2025, ta farko gaba ɗaya 'yar ƙasar Cek ce, Kristýna Kaltounková, wadda ta fito daga jami'ar Colgate. Noora Räty ta Finlan kuwa jami'ar Minnesota ta tsare wa raga.

Räty ce ta kai mu ga daren da ya fi kowane cancantar a tsaya a kansa. A 2019 aka yi gasar duniya a Espoo, a gidan Finlan. A wasan kusa da na ƙarshe Finlan ta doke Kanada 4 da 2, Räty ta tare bugu sama da 40. Karon farko ke nan a tarihi da Kanada ba ta je wasan ƙarshe ba. Washegari aka tashi 1 da 1 da Amurka, aka shiga ƙarin lokaci, Petra Nieminen ta jefa ƙwallo a raga. 'Yan wasa suka watsar da sanduna da safar hannu, filin ya kaure da ihu, ƙasa ta ɗauka ta zama zakaran duniya. Sai alƙalin bidiyo ya shafe sama da minti goma yana dubawa, ya ce an taɓa golar Amurka, ya soke ƙwallon. Aka tsince sanduna daga ƙasa aka ci gaba, Amurka ta ci a bugun fenariti. Duk wanda VAR ya taɓa ƙwace wa ƙungiyarsa ƙwallo a minti na casa'in ya san abin da ke ran mutanen Espoo a daren. Darasin fasaha da ke ciki shi ne, gola guda tana iya sace wasa ɗaya, ko biyu. Gasa bayan gasa kuwa sai benci mai zurfi. Shi ya sa bayan shekara uku Finlan ɗin nan ta sha 11 da 1.

A wannan gasar ta Espoo ne kuma Suwidin, mai azurfar 2006, ta faɗo daga rukunin manya. Bayan 'yan watanni 'yan wasanta 43 suka ƙaurace wa sansanin ƙasa, suna ƙorafin cewa ba a biyan su asarar albashin da suke yi idan sun bar wuraren aikinsu sun zo yi wa ƙasa wasa. Mu da muka ga Super Falcons sun ƙi barin otal a Abuja a 2016 bayan sun ɗauko kofin Afirka, don ba a biya su alawus ba, wannan labari ba baƙo ba ne. Abin mamakin kawai shi ne a Suwidin ya faru. Matan Amurka ma sun yi barazanar ƙauracewa gasar duniya ta 2017 da aka yi a ƙasarsu, amma su hukumarsu ta sauko ta biya kafin a fara, don tana tsoron kujeru su zama wayam da kunyar duniya. Ga inda 'yan kallo ke da amfani na gaske: suna ba 'yan wasa bakin magana a gaban hukuma. Inda babu su, 'yar wasa roƙo take yi. Rasha kuma, mai tagulla uku a gasar duniya, an dakatar da ita a 2022 saboda yaƙin Yukiren, masu cizon na sama suka ƙara raguwa.

Ƙasar Cek ce misalin da ya fi ƙarfafa gwiwa. Ba a lissafa ta a da. Suka ɗauko koci 'yar Kanada, Carla MacLeod, suka ci tagulla a 2022, suka maimaita a 2023. Da aka kawo gasar duniya garinsu České Budějovice a 2025, jimillar 'yan kallo ta haura 120,000, adadin da ba a taɓa samu ba ko a Kanada. A wasan kusa da na ƙarshe su suka fara ci, da ƙyar Amurka ta tsira da 2 da 1. (A ɗaya wasan na ranar Kanada ta yi wa Finlan 8 da 1, kada wani ya ce an gama gyara.) Abin lura shi ne jerin yadda abubuwa suka faru. Hukuma ce ta fara kashe kuɗi, lamba ta biyo baya, sannan jama'a suka zo. Ba a taɓa cika fili da wa'azin "ku zo ku goyi bayan mata" ba. Mutane suna zuwa ne idan sun ji ƙamshin nasara.

Mun ga haka da idonmu a Afirka, mu ne ma Kanadar labarin. Zuwa 2025, Super Falcons sun ɗauki kofin nahiya sau goma. Shekaru aka yi ana kallon gasar a matsayin gadon Najeriya, har Maroko ta zuba kuɗi a lig ɗin mata da cibiyar horo, ta karɓi baƙuncin gasar 2022, sama da mutum 45,000 suka cika fili a Rabat, aka fitar da mu a bugun fenariti, Afirka ta Kudu ta tafi da kofin. A 2025 sai da Falcons suka farfaɗo daga 2 da nema kafin su doke Maroko 3 da 2. Kofin na goma ya fi na farkon daɗi nesa ba kusa ba, don an kusa rasa shi. Idan Kanada da Amurka suna da wayo, irin wannan barazanar za su nema wa kansu.

Sai dai hanyar tura gwanaye waje tana da tsada, mu ma shaida ne. Asisat Oshoala daga Ikorodu ta tashi, ta buga wa FC Robo a nan Legas, amma sai da ta je Ingila da Sin da Barcelona tauraruwarta ta kai ƙololuwa. Ƙasa ta amfana, lig ɗin gida bai amfana ba. Mu 'yan kallo ma mun zama inuwar giginya: gidan kallo ya cika maƙil don wasan Firimiya, filin Agege da na Onikan suna neman mutane. Lig ɗin matan Suwidin, SDHL, wanda shi ne mafi ƙarfi a Turai, har ya halatta bangazar jiki tun 2022 don wasan ya ƙara zafi, yanzu wannan haɗarin yake fuskanta. PWHL za ta kwashe biyar ko shida mafiya kyau daga kowace ƙasa ta ƙara goge su. Amma mun riga mun ga cewa ba jeri na farko ne ciwon ba. 'Yar jeri na huɗu a gida za ta zauna, a lig ɗin da aka cire wa taurari, tana buga wasan da ya fi na bara sanyi.

Masu haƙuri suna kawo tarihin maza, kuma suna da hujja. A gasar duniya ta 1949 Kanada ta ci Denmak 47 da nema, ba wanda ya ce a soke wasan maza. A 2025 Denmak ɗin nan ta fitar da Kanada da 2 da 1 a zagayen 'yan takwas. Amma shekara 76 ke tsakani, kuma ba lokaci ne ya yi aikin shi kaɗai ba. Filaye aka gina, yara suka shiga, aka yi ta karawa da manya ana shan kashi har aka koya.

Wannan karawar da manya ita ce aka rage wa matan. Akwai wata gasa ta ƙasashe huɗu da aka daɗe ana yi kusan kowace shekara tun shekarun 1990, inda Finlan, daga baya har da Suwidin, ke samun damar gwada ƙarfi da Kanada da Amurka ba tare da jiran gasar duniya ba. Ta ƙarshe an yi ta a Saskatoon a 2018. Ta 2019, wadda Suwidin za ta karɓa, an soke ta saboda rikicin 'yan wasa da hukumarsu, ba a kuma dawo da ita ba a shekarun da suka biyo. A 2019 ɗin ne kuma Kanada da Amurka suka fara jerin wasanninsu na su biyu kaɗai, Rivalry Series, suna zagaya birane suna cika filaye. Ta fuskar kasuwa ba za ka zarge su ba, don tikitin Kanada da Amurka ya fi na Kanada da Finlan tafiya. Finlan, Suwidin, Cek da Suwizalan sai suka koma karawa da juna a Turai, suna haɗuwa da manyan biyu sau ɗaya ko biyu a shekara, a wasan da kuskure ɗaya ke aika mutum gida. Abin da jama'a suka fi son kallo shi ya ture abin da ke rage tazarar, kuma hukumomin Kanada da Amurka ne kaɗai ke da ikon mayar da shi cikin jadawali, ko da kujerun ranar ba za su cika ba.